Ina son tafiya koyarwa waje, amma wa zan bar wa yaran dare?

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a Zariya. Shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata ma tana hannuna. Na yi NCE, daga baya na yi digirin koyarwa a karatun hutu, kuma shekarata tara ke nan a bakin aiki. Shekara shida da suka wuce na buɗe ajin dare a zauren wani maƙwabcina saboda almajirai da 'yan talla, sau uku a mako, da yardar alarammansu. Yanzu yara 43 ne, ba na karɓar ko sisi. Albashina kuwa ba ya kai ni tsakiyar wata. Wani abokina da ke koyarwa a Ingila kullum cewa yake in taho. Ana cikin haka aka haɗa ni da wani mutum, ya ce ya samo mini aiki a wata makarantar kuɗi a ƙasar Larabawa. Sharaɗinsa in biya naira miliyan biyu cikin mako uku, in ajiye aikina, in shiga da bizar ziyara, in na isa a mayar da ita ta aiki. Ba ni da hanyar kuɗin sai in sayar da filin da na gada. Matata ta ce in tafi. Hajiya ta yi shiru. Wani yaro a ajin dare ya ji labari, ya tare ni a ƙofar zaure ya ce, "Malam, mu kuma fa?" Tun daga ranar barcina ya ƙaurace. In na tafi na ci amanar yaran nan? In na zauna na zalunci iyalina?

Malam S., Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karon farko hankalina ya tafi kan yaron da ya tare ka a ƙofar zaure, kamar yadda naka ya tafi. Sai a karo na biyu na lura cewa abin da ya fi gaggawa yana can tsakiyar wasiƙar, ka tsallake shi a layi uku: miliyan biyu, mako uku, bizar ziyara, filin gado. Da shi za mu fara, domin yaran za su iya jiranmu zuwa wata mai zuwa, shi kuwa mutumin nan ya yanka maka wa'adi.

Kada ka ba shi ko kwabo. Ban san shi ba, ba kuma zan rantse cewa macuci ne ba, amma abin da ya kawo maka cinikin biri a sama ne. Makarantar da take son malami ita ce ke magana da shi da bakinta. Za ta yi maka tambayoyi ta bidiyo, wataƙila ta ce ka koyar da darasi ɗaya su gani, sannan ta aiko da kwantiragi mai ɗauke da sunanta, da albashi, da tsawon aiki, da wanda zai biya masauki da tikitin jirgi. Ita ce ke nema maka izinin aiki tun kana gida. A ƙasashen yankin Gulf zaman baƙo ma'aikaci a ɗaure yake da wanda ya ɗauke shi, kuma kama aiki da bizar ziyara laifi ne a dokarsu. Ranar da bizar ta ƙare ba a mayar da ita ba, tara ce za ta fara hawa kanka kullum, ga shi ba ka da takardar da za ka kai ƙara da ita, tunda a idon hukuma kai ɗan yawon buɗe ido ne.

In kana son ka kwantar da zuciyarka, gwada shi da abu uku. Ka ce ya ba ka sunan makarantar. Ka ce ya nuna maka lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje, wanda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa. Ka ce ya kawo kwantiragin kafin kuɗi. In ya ba ka sunan, ka nemi makarantar da kanka ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar da shi ya ba ka ba, ka tambaye su ko sun san da zuwanka. Sai ka saurari amsarsa. Yawanci abin da ake ji shi ne, "Malam, akwai mutane a layi fa, in ba ka shirya ba a ba wani." Wa'adin mako ukun nan aikinsa ke nan, ya hana ka sararin yin tambaya.

Lokacin da nake hedimasta na taɓa rasa wani malamin Turanci ta wannan hanya, yaro mai hazaƙa, rubutunsa a allo kamar an buga da inji. Ya sayar da babur ɗinsa da keken ɗinkin matarsa, ya rubuta takardar ajiye aiki ya miƙo mini ranar Litinin. Na ajiye ta a aljihun tebur har kwana huɗu ina fatan zai dawo ya karɓa, bai dawo ba. Bayan wata biyar na gan shi a tasha yana rubuta wa direbobi sunayen fasinja. Ya ce su tara ne a ɗaki ɗaya, kullum a ce gobe, har bizar ta mutu, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka dawo da shi. Bai taɓa ganin ƙofar makarantar ba. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, tsofaffin ɗalibansa da ke zuwa shiga mota suna durƙusawa su gaishe shi.

To, mu koma ga abin da ya hana ka barci. A ganina tafiya koyarwa wata ƙasa ba cin amana ba ce. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1970 da farkon 1980, wa ya koya mana? Lissafi da kimiyya Indiyawa da 'yan Pakistan, Larabci Misirawa da Sudanawa, Turanci kuwa sau da yawa 'yan Gana, har zuwa korar baƙi ta 1983 da ta kwashe da yawansu. Kowannensu ya baro wasu yara a ƙasarsa, kuma ban taɓa jin wani cikinmu ya kira su maciya amana ba, addu'a muke yi musu. Namu ma sun fita. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauci ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar malaman Arewa. Tafiyar ba ta raba su da yaran talakawa ba. Sai dai ka lura, karatu suka je yi, da ranar dawowa a hannunsu.

Haƙƙin iyalinka kuma ba ƙaramin abu ba ne da za ka riƙa jin kunyar ambatonsa. Hadisi ya zo cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Ajin dare sadaka ce, abincin 'ya'yanka uku wajibi ne. Mu malamai an daɗe ana lallaɓa mu da cewa ladanmu yana lahira, har wasunmu suka ɗauka neman abin duniya ya saɓa wa aikin. Mai shago bai karɓar ladan lahira a madadin kuɗin masara. Don haka in ka ce kana son albashin da zai kai ƙarshen wata, ba ka faɗi abin kunya ba.

Amma akwai maganar da zan faɗa maka wadda ba za ta yi daɗi ba. Ajin da shekara shida ke nan ba mai iya riƙe shi sai kai, ya riga ya shiga haɗari, ko ka je waje ko ba ka je ba. In gobe aka yi maka canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa fa? In zazzaɓi ya kwantar da kai wata guda? Tambayar yaron nan, "mu kuma fa?", ta daɗe tana jiranka, labarin tafiya ne kawai ya fito da ita fili. Ka tuna makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, guda 157, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a watan Afrilun 2012. Gine-gine masu kyau, da ɗakunan kwana. Da yawansu sun lalace bayan 'yan shekaru, saboda ba a tsayar da wanda zai ce nawa ne ba: tarayya ta miƙa wa jihohi, alarammomi kuma da yawa suna ganin abin na gwamnati ne. Ajinka kishiyar wannan ne, mai shi ɗaya tak, amma ƙarshen iri ɗaya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka aikin da ke gabanka a wata shida masu zuwa shi ne ka mayar da kanka wanda za a iya yi ba shi. Cikin yaran da ka fara da su shekara shida da suka wuce, tabbas akwai gardi ɗaya ko biyu da yanzu suke karatu da rubutu da lissafin raba-da-ɗauka. Ka ba su ƙananan, kai ka koma bayan zaure ka zauna kana kallo. Za su yi kuskure, bakinka zai yi ƙaiƙayi, ka daure sai an tashi. Zariya kuma gari ne da ba a rasa masu koyon malanta: ga ɗaliban ilimi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga na kwalejin horon malamai, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake buƙatar su yi aikin raya al'umma. Wasu za su zo sau biyu su ɓace, ɗaya zai tsaya. Sannan ka zaunar da mai unguwa, da liman, da alaramma, da mai zauren, ajin ya zama nasu da suna, su san wa ke sayen alli da batirin fitila. Ka je sashen yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumarku a sa ajin cikin rajista. Akwai ma hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023. Ban ce ka rataya rayuwar ajin a wuyanta ba, amma sunanku ya kasance a takarda bai ɓata komai ba.

Abu na biyu, ka rubuta abin da ka sani. Na tabbata ba ka ɗauke shi ilimi ba, saboda ba a koya maka shi a kwaleji ba. Ni ma na yi irin wannan aji a ƙuruciyata, kuma har yau ina tuna wani ƙolo ɗan shekara goma da na miƙa wa littafin rubutu. Ya juya shi ya buɗe daga dama, ya fara daga ƙarshen layi, domin haka allonsa ya koya masa. Na ce ya rubuta 25, ya rubuta 52. Amma da na ce masa wata ta sayi ƙuli na sule uku ta ba ka fam ɗaya, kafin in rufe baki ya faɗi canji. Lissafin yana kansa, hanyar sauke shi a takarda ce babu. Ranar na daina fara wa irinsu da ɗaya-biyu-uku, na koma fara musu da ciniki, da marafan kwalba a matsayin kuɗi, sai daga baya mu rubuta abin da hannu ya riga ya yi. Kai ma kana da irin waɗannan dabaru cike da kai: yadda kake riƙe hankalin yaron da ya wuni yana bara bai ci ba, yadda kake yi da yarinyar da ke gyangyaɗi saboda tun asuba take yawo da faranti, yadda ka shawo kan alaramma har ya yarda. Ka sami littafi mai bango ka zuba su darasi-darasi. Ka kuma tsare rajista: yara nawa suka shigo kowace shekara, nawa suka iya karatu, nawa suka shiga firamare ko sakandare daga zauren nan. Littafin zai zama gadon wanda zai karɓe ka. Rajistar kuma, za ka gani nan gaba, ita ce takardar da ta fi tsada cikin duk takardunka.

Yanzu ga maganar abokinka na Ingila. Hanyar gaskiya ce, kuma ba ta bi ta hannun dillali. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe, har da Najeriya da Gana, damar neman shaidar ƙwarewar koyarwa da suke kira QTS daga inda suke, ga masu koyar da lissafi, kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Kai malamin lissafi ne mai digiri, don haka bisa ƙa'idar wancan lokaci ƙofar ta dube ka. Za su nemi digirinka, da shaidar horon koyarwa, da shaidar ka yi aiki, da wasiƙa daga hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, mai tabbatar da cewa kai malami ne mai rajista ba tare da wani tabo ba. In ba ka sabunta lasisinka ba, wannan ne abin da za ka fara yi ko da ba za ka je ko'ina ba. Ƙa'idojin suna sauyawa, saboda haka shafin gwamnatinsu za ka karanta, ba saƙon da ake turawa a WhatsApp ba.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shaidar nan ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Sai ka sami makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙo ta zaɓe ka, kuma sunayen masu lasisin a bayyane suke a shafin gwamnati. Dokarsu ta hana kamfanin nema wa mutane aiki karɓar kuɗi daga mai neman aikin, don haka duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka makaranta a Ingila, ka san inda ka ajiye shi. Albashin sabon malami a wajen Landan ya kai fam 30,000 a shekara a watan Satumban 2023. In ka juya shi zuwa naira kanka zai yi jiri, amma ba a naira za ka biya haya da haraji ba. Ga kuma kuɗin lafiya da ake biya tare da biza: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne ga babba a kowace shekara, fam 776 ga yaro. Kai malamin lissafi ne: kai da matarka da yara uku, fam 4,398 ke nan a shekara, kuma ana biyan na duk shekarun bizar a dunƙule tun kafin a taka jirgi. Bizar tana ɗaukar mata da 'ya'yan da ba su kai 18 ba. Ba ta ɗaukar uwa.

Ka kuma ce wa abokinka ya ba ka labarin ajin kansa, ba na albashi kaɗai ba. A nan in ka shiga aji yara tashi suke yi. A can ɗan shekara 13 zai iya kallon idonka ya ce bai gane Turancinka ba, 'yan aji su kwashe da dariya, kuma ba ka da bulala, domin an haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnatinsu tun 1987. Komai sai an rubuta: wanda ya yi rashin ji, abin da ka ce masa, abin da aka gaya wa iyaye. Makarantun da suka fi neman malaman waje kuma sau da yawa su ne waɗanda 'yan ƙasar ba sa daɗewa a cikinsu, na unguwannin marasa galihu. Wato yaran da za ka tarar 'yan'uwan yaran zaurenka ne, sai dai suna da takalmi. A nan kana da abin da malamai da yawa ba su da shi, domin wanda ya riƙe yara 43 da dare, ba albashi, ba bulalar hedimasta a bayansa, ba abin da ke dawo da su sai son darasin, ya riga ya koyi abin da ya fi wuya a sana'ar.

In ka tambaye ni inda zuciyata ta karkata, ga mutum irinka mai uwa a hannu, na fi son ƙofofin da suke da ranar dawowa. Akwai shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Babangida. Shekara biyu ake yi, an tura malamai ƙasashe irin su Gambiya da Saliyo da Yuganda, gwamnatinmu ke biyan alawus, mai masaukin kuma ta ba da wurin zama. Gasar tana da zafi, masu digiri na biyu sun fi samun shiga, amma ba a sayar da fili don a nema. Akwai Chevening ta Birtaniya, karatun digiri na biyu na shekara ɗaya kyauta, da sharaɗin ka yi aiki aƙalla shekara biyu kafin ka nema, kuma ka koma gida shekara biyu bayan ka gama. Amurka ma ta daɗe tana da shirye-shiryen Fulbright na malamai, har da wanda ke kai matasa su koyar da Hausa a jami'o'inta na shekarar karatu ɗaya, kodayake wannan ya fi dacewa da malaman Turanci. Masu tace takardu a irin waɗannan wurare sun gaji da karanta "ina son taimakon al'ummata." Kai za ka rubuta musu shekara shida, da adadin yara, da yadda ka miƙa ajin ga waɗanda ka horar. Ka ga inda rajistar nan ta shigo.

Ko a gida ma wannan gogewa tana da kasuwa, ba lallai sai ka tsufa a mataki ɗaya ba. Ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, tana buƙatar masu horar da malaman irin waɗannan yara, da masu rubuta musu littattafai da Hausa, kuma ƙungiyoyin da ke wannan aiki suna biya fiye da abin da kake karɓa. Zannah Mustapha na Maiduguri da marayu ƙalilan ya fara makarantarsa a 2007, a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ban kawo shi don in ce ka jira lambar yabo ba. Na kawo shi don ka daina kallon ajin dare a matsayin abin da ke riƙe maka ƙafa.

Duk ƙofar da ka zaɓa, kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai biza tana cikin fasfonka, kuma ko a lokacin ka fara neman hutu: na ƙaro karatu in karatu ne, ko hutu ba albashi in aiki ne. Ka nema a rubuce, amsar ma ta zo a rubuce, ka yi kwafi uku, ɗaya a wurin matarka. "Je ka kawai, za mu san yadda za mu yi" ba izini ba ne, mai faɗin haka ana iya canza shi kafin ka dawo. Shekara tara a aikin gwamnati da asusun fansho ba abin da ake yarwa ba ne a kan alkawarin baki. Filin kuma ka bar shi inda yake. In tafiyar gaskiya ta zo kuma ta buƙaci kuɗi, a lokacin za a zauna a yi lissafi da alƙalami, da sanin 'yan'uwanka.

Sai maganar gida, wadda ka taƙaita a kalmomi kaɗan. Matarka ta ce ka tafi. Ita ce ke auna shinkafa, ta fi kowa sanin ranar da albashi ke ƙarewa, don haka ban yi mamaki ba. Amma ka tambaye ta me take hangowa in ta ce "tafi": ku tafi tare, ko ta zauna da yara uku da surukarta shekara biyu ko uku tana jiran kiran waya? Mata da yawa sun amince da na farko, suka wayi gari a na biyu. Shirun Hajiya kuwa, kai ma ka san ba yarda ba ne kai-tsaye. Iyayenmu mata ba sa son a ce su suka tare wa ɗa arziki, sai su haɗiye. Kada ka je mata da "Hajiya, kin yarda?", za ta ce Allah ya sa alheri. Ka je bayan magariba, ka zauna a tabarma, ka tambaye ta wa take so ya riƙa kai ta asibiti in ba ka nan, a ɗakin wa take son zama. Daga amsar za ka ji abin da ke ranta. In babu wani cikin 'yan'uwanka da zai tsaya mata tsayuwar da kake yi, to lissafin duk ya canza, kuma tafiya mai gajeren wa'adi ce kaɗai ta rage a teburin.

Shi kuma yaron, yana bin ka amsa, kuma kada ka ce masa ba inda za ka, domin ba ka sani ba. Yaran da aka kawo gari aka ajiye tun suna ƙanana sun saba da manya su ɓace ba sallama, shi ya sa ya tare ka a ƙofa maimakon ya jira. Ka kira shi gefe ka ce masa ba wannan watan ba ne, ba kuma wannan zangon ba, in tafiyar ta tabbata daga bakinka zai fara ji, kuma ajin ba zai rufe ba. Sannan ka miƙa masa rajista da biro ka ce daga yau shi ne mai kiran suna. In ya buɗe ta daga dama, ka bar shi ya gama kira tukuna.

Ka rubuto mini abin da mutumin ya ce da ka tambaye shi sunan makarantar. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Baba Malam